Geron Da Ya Fito A Gonar Auduga

Kankara,
ranar Litinin.

Zuwa ga ɗiyata Ladi,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kin isa Mairuwa lafiya, kin iske innarki Asabe da mutanen gidanta ƙalau. Allah shi tsare ki a 'yan kwanakin da za ki yi a wurinsu, shi tsare ki a hanyar Zariya, shi sa ki shiga makarantar jinyar nan da ƙafar dama. Amin.

Ba zan ba ki labarin gida ba, kwana uku ne kacal da tafiyarki, kuma akuyar nan ba ta haihu ba tukuna. Wata magana da kika yi ce ta sa na ɗauki alƙalami. Kin san ni. In na ce da baki zan faɗa miki, kafin in kai tsakiya na fara faɗa, ke kuma kin fara kallon ƙasa, shi ke nan magana ta lalace. A takarda ba zan iya ɗaga murya ba.

Sa'ad da kike ɗaure akwatinki na tambaye ki ko za ki biya Damari ki yi wa Baba Nomau, wan mahaifinki, sallama. Ko ɗago kai ba ki yi ba kika ce: "Mama, ni ba ni da uba a Damari. Mutumin da ya zuba ido ƙanwata Lami ta mutu da yunwa, rumbunsa cike? Wahalar da muka sha ta yi mani amfani guda, ta nuna mani su wane ne namu." Muryata ce na ji tana fita daga bakinki, har da yadda nake cije leɓe in na gama magana. Ranar nan tuwo bai shiga cikina ba. Ni na shuka miki wannan magana, kuma ƙarya ce. Za ki je ki riƙa tsayawa a kan marasa lafiya da masu mutuwa, ba zan bar ki ki tafi musu da ita ba. Ki zauna ki karanta har ƙarshe, kada ki ninke takardar in kin fara jin haushi.

Zan fara daga inda na fara ɓata.

Lokacin da mahaifinki ya karɓi bishara muna zaune a ƙauyenmu na bayan Damari, cikin danginsa, Maguzawa duka. Na riga shi iya karatu. Tun da aka koya mani baƙi a ajin mata na mishan ban sake barin rubutu ya wuce ni ba, ko takardar da aka naɗe gishiri ce sai na warware na karanta. Wannan ya sa nake ganin na fi kowa a ƙauyen, kuma da muka zama Kirista sai na sami dalilin da zan jingina raina a kai. Kin san a wurinsu in mutum ya kira gayya a gonarsa, giya yake dafa wa masu noma. Mahaifinki ya ce shi ya bar wannan. Ya kira gayya da kunu da tuwo. Ba wanda ya zo sai Baba Nomau. Ya ɗaga ƙwaryar kunun ya kurɓa, ya ce: "Wannan ai abin masu jego ne, Ɗanjuma. Wa ya haihu?" Ya yi dariya. Sannan ya ɗauki fartanya ya yi noma tare da ƙanensa har rana ta take, ya tafi abinsa. Shekaru ina ba da labarin nan, kuma kullum a kan dariyar nake tsayawa. Noman ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Gaskiyar ita ce daɗi nake ji da aka ware mu. Ina zuwa rijiya mata su yi shiru, ni kuma in ƙara miƙe wuya. Na ɗauka duk wanda ya ƙi ni ya ƙara mani daraja a wurin Allah. Kuskurena na fari ke nan, na mai da wahala kayan ado.

A Zariya za ki iske kuɗin mai ya sa gari ya rikice. Kowane ɗan ma'aikaci da babur da rediyo, gidan siminti yana tashi inda jiya gonar rogo take. Za ki ji masu cewa wanda Allah yake so shi yake ba waɗannan. Kada ki saurare su, mahaifinki ya mutu da keke ɗaya mai faci bakwai. Amma akwai wasu kuma irina, masu ganin duk wanda ya fi shan wuya ya fi tsarki. Su ma ki yi nesa da su. Sun fi na farkon haɗari, don a fuska kamar masu tawali'u ne.

Sai shekarar fari ta zo. Kina da shekara goma sha ɗaya, kina makarantar kwana ta mishan, abin da kika gani kaɗan ne. Dawa ta tsaya iya gwiwa ta bushe a tsaye. Audugar da mahaifinki ya shuka a gonarmu ta nesa, ta gindin dutse, ita ce kawai ta ba da ɗan abin da muka sayar muka sayi hatsi. Da bazara ta yi tsanani sanƙarau ya shigo. Ranar Talata mahaifinki ya ce wuyansa ya ƙage, ranar Alhamis muka ɗora shi a amalanke za mu kai shi asibiti. Ba mu kai ko rabin hanya ba.

A wurin jana'iza mutane suka yi ta kawo mani dalilai kamar masu kawo gudummawa. Wani dattijon ikilisiya ya ce Allah ya ga ya fi bukatarsa a sama. Na dube shi, na ce a raina: Allah da ke da mala'iku ba iyaka, ya rasa mai yi masa aiki sai mai 'ya'ya biyu da gona uku? Wata ta ce gwaji ne, Allah yana so ya ga bangaskiyata. Shi da ya san abin da ke cikin ƙwai kafin a fasa, sai ya kashe mani miji zai san abin da ke zuciyata? Sannan Baba Nomau ya matso, idanunsa jawur, ya ce: "Da bai bar na gida ba, da ba su bar shi ba." Iskokin gidansu yake nufi. Dukansu abu ɗaya suka yi, kowa ya cika shirun da abin da ya sani. Amma na yafe wa 'yan ikilisiya tun kafin a watse, shi kuwa na ɗaure tasa a bakin zane. Yanzu na gane mutum ne da ya binne ƙanen da ya goya, yana neman abin da zai kama.

Ki riƙe wannan don aikinki. Ranar da uwa za ta riƙe hannunki a asibiti ta ce miki "don me?", kada ki ba ta dalili. Ba ki da shi. Ki ba ta ruwa, ki zauna, ki taya ta naɗe ɗanta. In addu'a ta zo bakinki ki yi gajeruwa. Wanda ya yi saurin bayyana nufin Allah a kan gawar ɗan wani, kansa yake lallashi.

Ni ma a lokacin ina da nawa laifin. Ina tsayawa gaban mata ranar Laraba ina koya musu addu'a, alhali ni na daina yi. Fushi nake da Allah, amma na ji tsoron in gaya masa, sai na juya fushin kan wanda ya fi kusa.

Wata guda bayan rasuwar, hatsinmu ya ƙare. Muka ci har irin da mahaifinki ya rataye a rufin ɗaki. Ƙanwarki Lami tana da shekara biyu, na yaye ta ba shiri don nono ya ƙafe. Tafasa busasshiya da dusa muke ci. Sauran gidajen Kirista na ƙauyen su ma haka suke, ba mai iya taimakon wani.

Ladi, ga abin da ban taɓa faɗa miki ba. Wata safiya Baba Nomau ya shigo gidanmu da jakinsa, ɗauke da dami uku na gero. Tsohon gero ne na rumbun gandu, wanda ba a taɓawa sai irin wannan shekara. Ya sauke su a tsakar gida ya ce: "Hannatu, biyu na ci ne, ɗaya iri. Ki daka wa yarinya." Na san yadda ake buɗe wannan rumbu. Sai an yanka jan zakara a gindinsa, an zuba giya, an kira sunayen da ake kira. Na ga ɗigon jini a kan igiyar dami ɗaya. Na ce masa: "Baba, kwashe kayanka. Gidan nan ba a cin hatsin tsafi. Wanda muke bauta wa ba ya bukatar zakaranka." Ya ce: "Yarinya mi ta sani game da zakara?" Na ce ya fita. Da ya tsaya, ni da hannuna na ja damunan na kai su ƙofar gida. Ya daɗe yana kallon Lami da ke zaune a ƙasa tana tsotsar yatsa, sannan ya ɗora kayansa ya tafi.

Kada ki ce rashin sani ne. Na karanta Maganar Allah daga farko har ƙarshe tun kafin a haife ki, na san hatsi na Allah ne ko wa ya yi surutu a kansa. Akwai waɗanda lamirinsu ba zai bar su su ci ba, kuma ina girmama su. Ni ba lamiri ne ya hana ni ba. So nake ya koma gida da nauyin damunansa ya ji abin da na ji ranar jana'iza. Na sa wa fushina rigar bangaskiya, har ni kaina na daina gane shi.

Bayan mako uku ƙyanda ta kama Lami. Yaran gidan Baba Nomau su ma ta kama su, suka tashi. Lami ba ta da jikin da za ta yi faɗa da shi. Ta mutu ranar da aka yi ruwan fari na shuka, ina jin ƙamshin ƙasa yana shigowa ɗaki. Ko da ta ci geron nan za ta rayu? Ban sani ba. Na tambayi likita a nan Kankara ba tare da na ce ɗiyata ce ba, ya ce mai yiwuwa, mai yiwuwa kuma a'a. Da wannan amsa nake zaune, kuma da ita za a binne ni.

Aka ɗauko ki daga makaranta. Kin tuna kin tambaye ni a bayan ɗaki, kina kuka: "Mama, Baba Nomau bai ba mu komai ba?" Na ce: "Bai ba mu ba." Kalma huɗu. Da su na raba ki da uban da ya rage miki, shekara takwas ke nan.

Yanzu sai labarin da kika sani, wanda kika ji na bayar a majami'a ba sau ɗaya ba, wanda ke ma kika bayar a taron matasa bara har mutane suka yi ta share hawaye.

Kowa ya fita shuka, ni ba ni da ƙwaya ɗaya da zan sa a ƙasa. Kwana takwas bayan ruwan na ɗauki ƙwarya na nufi gonar gindin dutse, wai in tsinko ganye. Gaskiya kuwa wurin da ba kowa nake nema, in yi wa Allah faɗa da murya. Tun a hanya na fara. Na kira shi da sunayen da ba zan rubuta ba. Na ce masa in yana nan ya fito mu yi ta a fili, ya daina ɓuya bayan fastoci. Ina cikin haka na zagayo dutsen.

Gonar kore ce. Daga bakin dutse har gindin ɗorawa, tsakanin busassun karan auduga, gero ne ya tsiro, tsawon yatsa, raɓa a kan kowane ganye, rana tana fitowa ta bayansa. Ba a jere yake ba, a warwatse yake nan da can. Na zauna a ƙasa, bakina a buɗe da ragowar zagin da ban ƙarasa ba. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, kuma ban taɓa jin an san da ni kamar ranar ba. Na zo in yi shari'a da shi, na iske ya riga ni zuwa gonar. Har yau in na rufe ido ina ganin koren nan.

Na ce gyauro ne, wato hatsin da ya zube bara ya tsiro da kansa. Na nome shi ni kaɗai. Irin mai saurin nuna ne, kafin dawar kowa ta yi ciki mun fara cin tumu. Shi ya riƙe mu har na sami aikin koyarwa, lokacin da aka shiga buɗe makarantun firamare ko'ina ana neman duk mai iya riƙe alli, muka dawo Kankara. Kuma duk inda na ba da shaida sai na ƙara da cewa: "Ku lura fa, gonar nan auduga aka noma a cikinta bara." Ina faɗa don abin ya ƙara girma. Manoma na zaune suna ji, wasu su ce amin, wasu su dubi ƙasa. Ni ɗiyar manomi, jikar manomi, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba ta yaya gero zai zube a gonar da ba a shuka gero ba. Na karanta littattafai sun fi buhu, amma gonata na kasa karantawa, don ba na son abin da aka rubuta a cikinta.

Shekara biyu da suka wuce, kina makaranta, Inna Tasalla matar Baba Nomau ta kawo daddawa kasuwar Kankara, ta sauka a wurina. Faccalata ce, duk abin da ya faru ba mu daina gaisawa ba. Muna tsinkar zogale na shiga ba ta labarin gyauro, ina so ta ga ikon Allahnmu. Ta fara dariya har tari ya sarƙe ta.

Ta ce: "Malama, ke da karatunki. A garinku gyauro da kashin awaki yake fitowa a gindinshi?"

Na ce ban gane ba.

Ta ce: "Ba ki ga taki ba da kina noma? Ko kin ce mala'iku ke kiwon awaki? Mijina ne. Binne ya yi miki."

Kin san binne: a sa iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, ya kwanta yana jira. Ta ce washegarin da na kore shi ya sussuke damin irin, ya gauraya da busasshen kashin awaki, ya ɗauki sungumi. Kwana uku yana zuwa da rana tsaka, lokacin da zafin bazara ke korar kowa inuwa, don kada a gan shi. Ya ƙi bin kunya, ya riƙa sara nan da can kamar mahaukaci. Ta tambaye shi dalili, ya ce: "In ta ga layi za ta san hannu ne. In ta san hannuna ne, tumɓukewa za ta yi." Ta ce rana ta uku da ya dawo sai da aka zuba masa ruwa a ka. Ya kuma hana duk gidan su faɗa.

Na ce: "Shekara shida ina tsayawa gaban mutane ina cewa Allah ne ya shuka, yana ji, bai ce komai ba?"

Ta ce: "Labari na kai mashi. Sai shi ce, ku bar ta, sun dai ci."

Na tashi na shiga ɗaki. Abin da na fara ji, kada in ɓoye miki, fushi ne. Na ji kamar an ƙwace mani mu'ujizata, an bar ni da tsoho da kashin awaki. Na yi kusan shekara ina jan ƙafa. Da rani na bara na hau babur ɗin haya daga Funtua, hanyar nan mai karya ƙugu, na tafi Damari. Na gaya miki taron mata na je.

Na iske shi a inuwar rumbu yana tufkar igiya. Idanunsa sun yi fari, ba ya gani sai inuwa-inuwa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce: "Wace ce? Muryar nan kamar ta mai korar jakai." Na ce ni ce. Na ce na ji abin da ya yi, na zo neman gafara.

Ya ce: "Tasalla da baki. Ni ina ruwana da gonar 'yan mishan?"

Ban tashi daga durƙuson ba. Can ya ajiye igiyar.

Ya ce: "Gonar ƙanena ce. Ba a barin gonar mamaci ta ga damina ba iri, abin kunya ne ga gida." Sannan ya ce: "Amma ba shi ke nan ba. Ranar da kika kore ni na rantse ba ni sake taka inda kike. Na rantse a gindin rumbun nan, kin san kuwa ba a wasa da wannan. Da gari ya waye na iske kaina ina sussuka. Na ce wa kaina, Nomau, mi kake yi? Hannu bai tsaya ba. Kin ce Allahnki ne ya shuka. To, ni ban yi gardama ba. Ni dai na san ba ni na aiki kaina ba."

Ladi, tsoron da na ji a gindin dutse ya dawo mani, ya fi na farko. Da gero ne ya faɗo daga sama, da abin ya zo mani da sauƙi, don da na ci gaba da zama mai gaskiya, Baba Nomau kuma mugu. Amma Allah ya tsallake majami'a, ya tsallake ni mai karatu, ya shiga gidan da na tofa wa yawu, ya tashi tsohon da na wulaƙanta, ya sa shi karya rantsuwarsa, ya tura shi cikin rana. Kuma ki duba lokacin. Sa'ad da irin nan yake kwance a ƙasa, Lami tana da rai. Sa'ad da nake wanke gawarta, ruwan da ke dukan rufin ɗaki shi ne yake jiƙa shi. Kwana takwas da na yi ina cewa an yashe ni, yana tsirowa. Ban roƙa ba, ban cancanta ba, ina ma zagi ne. Wane irin Allah ne wannan? Na yi shekara arba'in da biyar, na karanta abin da na karanta, ban kai ko bakin gane shi ba.

Kada ki fahimce ni a karkace. Ban ce Allah ya ɗauke Lami don ya koya mani tawali'u ba. Duk wanda ya gaya miki haka, ki turo mani shi. Ɗiyata ba alli ba ce da za a rubuta mani darasi da ita a goge. Fari ne, da ƙyanda, da taurin kaina. Dalilin da ya sa bai hana ba, ban sani ba, kuma na daina yin kamar na sani. Ina ajiye da tambayar, zan kai masa ita da kaina, kuma yanzu na san ba ya gudun tambaya, tun da ya saurari zagina bai ƙone ni ba. Abin da na gani da idona shi ne bai bar wahalar ta tafi a banza ba, kuma bai tsaya a inuwa yana kallo ba. Shi da ya yarda aka kafa shi a kan gungume da rana tsaka ya san zafin da muke ciki. Tun muna kuka yake aiki a inda ba mu dubawa, da hannun da ba mu so.

In kina neman amfanin wahalar da muka sha, ga wanda na samu. Ba ta nuna mani maƙiyana ba, ni ta nuna mani. Ta kuma sa in yaro ya zo ajina da jan gashi da kumburarren ciki ina gane shi tun daga ƙofa, kuma na san yadda ake ba uwarsa hatsi ba tare da ta ga layi ba. Wannan a wurin Baba Nomau na koya. Ke ma ba banza ba kika zaɓi jinya, na san Lami ce ke tafe da ke. Ki bar ta ta kai ki wurin marasa lafiya, amma kada ki ɗauki ƙiyayyar da na ɗora a kanta. A asibiti ba za ki zaɓi wanda za a kwantar miki ba, Musulmi ne, Bamaguje ne, mai zagin addininki ne. Ba kuma za ki zaɓi hannun da Allah zai aiko miki da taimako ba ranar da taki ta same ki, don za ta same ki. In ta zo, ki yi kuka, ki yi faɗa da shi in ya kama, ya fi ki yi masa fuska biyu kamar yadda na yi. Sai dai kada ki mayar da dami don ba ki son mai jakin.

Kuskurena na ƙarshe shi ne shirun shekara biyun nan. Na ji kunyarki. Kina kallona kamar wata jaruma, ni kuma ina son kallon. Ran Lahadi mai zuwa zan tashi a majami'a in gyara shaidata, da zakaran da damunan da kashin awakin duka. Na san matan da za su ji daɗi, na ma san inda za su zauna. Su ji.

Kafin in baro Damari ya tambaye ni ke. Ya ce: "Ina Ladi mai satar mani gyaɗa a aljihu? An ce ta yi tsawo. Ta zo bikin gidan Tanko ta wuce ni kamar kututture, na gane tafiyarta, irin ta ubanta ce." Tasalla ta aiko makon jiya cewa ƙafafunsa sun kumbura, ya daina fitowa inuwar rumbu. Ba na jin zai ga kaka.

Sai ran Litinin ta sama za ku fara makaranta. Kina da kwanaki. Ki roƙi mijin innarki ya sa ki a mota zuwa Funtua, daga nan ki nemi ta Damari. Ki sayi gishiri da taba gari, ita yake so. In kin shiga ki durƙusa, ki kira shi Baba. Ba sai kin yi masa wa'azi ba, ba sai kin yi dogon bayani ba, zai yi miki ba'a ne kawai ya ce kin zo da muryar uwarki. Ni kuwa, in kin ga ba za ki iya rubuto mani ba na wani lokaci, na gane, zan jira. Amma shi ba shi da lokacin jira.

Za su kawo miki fura. Geron daga rumbun nan zai fito, kin kuma san yadda ake buɗe shi. Ki yi godiya ga Ubangiji a zuciyarki, ki karɓa da hannu biyu, ki sha a gabansa yadda zai ji ƙarar ludayi. Ki shanye.

Allah na salama shi kai ki lafiya shi dawo da ke lafiya. Shi kiyaye ki daga haɗarin mota da mugun abokin tafiya, shi ba hannuwanki sauƙi a kan marasa lafiya, shi tsare ki daga irin zuciyar uwarki. Ki gaida innarki Asabe da maigidanta da yara. Ki gaida Baba.

Ni ce mahaifiyarki,
Hannatu.